Amsa: Wa ya fara cewa duniya ce ke zagaya rana?

Malam, ka tambaya ko Galileo, masanin taurarin nan na Italiya, shi ne ya fara cewa duniya ke zagaya rana. A'a, an riga shi. Tun kafin haihuwar Annabi Isa, Aristarkus na Girka ya faɗi haka, ba a saurare shi ba. Tsarin Batlamiyus, wani masanin taurari na zamanin da, wanda ya ajiye duniya a tsakiya, shi aka bi fiye da shekara 1,000, kuma ban ga laifinsu ba: lissafinsa yana hasashen inda taurari za su bayyana, ido ma kullum rana yake gani tana tafiya.

Kofanikus, masanin taurari ɗan Poland, ya mayar da rana tsakiya a littafinsa na 1543, sai dai ya nace wa cikakken da'ira, lissafin ya ƙi daidaituwa. Kefla, masanin taurari Bajamushe, shi ne ya warware ƙullin. Ya shafe shekaru yana fama da bayanan tafiyar duniyar Mirriku (Mars) da masanin taurari Taiko Brahe ya tara, har a 1609 ya nuna hanyarta miƙaƙƙen zagaye ce, mai kama da ƙwai. A ganina, shi ne gwarzon da ba a cika yabawa ba.

Gudummawar Galileo ita ce hujjar ido. A 1610 ya hango watanni huɗu suna zagaya duniyar Mushtari (Jupiter), ya kuma ga Zahra tana cika tana raguwa kamar wata, abin da tsarin Batlamiyus ba zai iya bayyanawa ba. Nuton, masanin kimiyya ɗan Ingila, ya kawo dalilin da ya sa duniyoyi ke zagaya rana a 1687, wato ƙarfin jan da ke tsakanin abubuwa. Da wannan lissafin aka nuna inda duniyar Neftun take kafin a hango ta a 1846.