Amsa ga mai tambaya kan kakansa da ya je yaƙin Bama

Ɗan'uwa ka ce kakanka ya je yaƙin Bama (wato ƙasar Burma, Myanmar ta yanzu, inda aka gwabza da 'yan Japan a yaƙin duniya na biyu) amma har ya rasu bai taɓa ba ku labari ba, kana son sanin me suka gani a can. Allah ya jiƙansa da rahama. Toh wannan shirun ba shi kaɗai ba ne, nima a hannun kakana na tashi nan Kawo, shima mazan jiya ne, kuma wallahi zancen harbi ko kisa bai fitowa daga bakinsa.

Abin da yake faɗa kullum wahala ce. A jirgin ruwa aka kwashe su daga Legas zuwa Indiya, mutanen da yawancinsu ba su taɓa ganin teku ba, daga nan sai dajin Bama. Runduna ta 81 ta sojojin Afirka ta Yamma ita ta fara isa a 1943, ta 82 ta biyo baya a 1944. Ya ce inda suka shiga mota ba ta zuwa, kaya a ka ake ɗauka, harsashi da abinci da komai, mutum ya yi gammo ya hau dutse ya sauka ga ruwan sama ba ƙaƙƙautawa, abincin ma daga jirgin sama ake sako musu da lema. In ya naɗe wando zai yi alwala za ka ga tabo baƙi-baƙi a ƙwaurinsa, ya ce matsattsaku ne, sai ka zo cire takalmi ka tarar sun ƙoshi da jininka. Ga zazzaɓi ga atuni, akwai abokansa da ciwo ne ya kashe su ba 'yan Japan ba, kuma can aka binne su. Sunayensu kam yana kira, in ya kira sai ya yi shiru.

Ni abin da ke min ciwo shine muna wuce barikin Dalet da Kalapanzin kullum a Kaduna, ga Chindit a Zariya, duk daga wancan yaƙin sunayen suka fito, amma yaranmu ba wanda ya gaya musu.

Ka tambayi gwaggonninka ko akwai takardar sallamarsa ko lambobinsa a akwati, lambar soja tana jiki, da ita za ka je ofishin Nigerian Legion, ƙungiyar tsofaffin sojoji, ka yi cigiya. Sannan tsofaffin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 akwai sauransu a unguwanni, wasunsu waɗancan mazan jiyan ne suka horar da su. In ka je kada ka ce mutum nawa ka kashe Baba, ka tambaye shi me suke ci, waye abokinsa, da kansa zai ci gaba.