Ƙanwata, ni ma na yi wannan tambayar a kan tabarma a Yola

Salama a gare ki ƙanwata, cikin sunan Yesu. Tun daren jiya na karanta abin da kika rubuta, na kasa amsawa sai yanzu da gari ya waye. Kin ce shekarunki 33, kin gama karatu, kin yi bautar ƙasa, ba aiki ba aure, kina zuwa sujada, kina cikin mawaƙa, amma in kin koma ɗaki sai ki ji kamar Allah ya manta dalilin da ya sa ya halicce ki. Kina tambaya yaya mutum ke gane nufin Allah domin rayuwarsa. Sai da na yi hawaye, domin bakina ya taɓa furta wannan maganar, kusan kalma da kalma.

Ba sai na faɗa muku abin da ya faru a Mubi ranar Laraba 29 ga Oktoba 2014 ba, ranar da 'yan Boko Haram suka kama garin, da yawanku a ƙafa kuka fita kamar mu. Da tukunya a kan wuta muka bar gida, ni da maigidana da 'yan matanmu uku. Yana da ciwon sukari, maganinsa kuma yana kan taga, ba wanda ya tuna da shi sai da muka yi nisa a daji. Mun isa Yola ƙafafunsa a kumbure. 'Yan Katolika suka karɓe mu a harabar majami'ar St. Theresa, ba su tambayi ko mu 'yan wace ikilisiya ba ne, Allah ya saka musu. Bai cika wata ɗaya ba ya tafi wurin Ubangiji.

Amma ba mutuwarsa ce ta karya ni ba, ƙanwata. Wansa ne. Uwa ɗaya uba ɗaya, mutumin da maigidana ya biya wa 'ya'yansa biyu kuɗin makaranta. Da gari ya lafa aka fara komawa, ya riga ni isa. Kafin in tara kuɗin mota ya sayar da injin niƙanmu, ya sayar da filin da muka saya da gumin mu biyu, ya kwashe abin da ya rage a ɗaki. Na je na durƙusa a gabansa na ce Baba, yaran ƙaninka fa? Ko kallona bai yi ba. Yana tsifar haƙori da tsinke ya ce mata ba sa gado a gidansu, in da na haifi namiji da sai a yi magana. A gaban babbar 'yata ya faɗa, tana da shekara 12 a lokacin, har yau ba ta manta ba. Kuma dattijo ne a ikilisiya! Ranar Lahadi shi ke tashi ya karanta sanarwa, shi ke ƙirga baiko. Matarsa, facalata da muka yi shekaru muna surfe a turmi ɗaya, na gan ta ɗaure da zanen aurena a wajen wani biki. Na gane shi ne saboda wata 'yar ƙuna da dutsen guga ya yi masa a gefe. Na koma na zauna a ƙasa, abinci ya gagare ni kwana biyu. Na sha buɗe Ƙidaya sura 27 inda 'ya'yan Zelofehad mata su biyar suka je gaban Musa neman gadon ubansu, Ubangiji da kansa ya ce suna da gaskiya, in karanta in yi kuka in ce to ni ina nawa Musan? Har yanzu in na ga namiji yana tsifar haƙori sai ƙirjina ya buga.

Kusan shekara biyu ban ci Jibin Ubangiji ba. Ina zuwa sujada don yara kawai. Addu'ata ɗaya ce: Ubangiji, me kake so da ni, me ya sa ka bar ni ka ɗauke shi? Jira nake a nuna mini a mafarki, ko wani bawan Allah ya kira sunana a taro.

Af, tunda na ambaci wannan, don Allah kada ki kai kuɗinki wurin masu sayar da mai da ruwa a kwalba suna cewa za su buɗe miki ƙofar aure. Na kai ɗan abin da nake da shi, na dawo da baƙin ciki biyu.

Wata tsohuwa ce a Zumuntar Mata, gwauruwa tun kafin a haife ki, ta same ni ina ta maimaita Irmiya 29:11 da kowa ke so, wadda ke maganar shirin alheri da sa zuciya. Ta ce 'yata, koma aya ta 4 ki taho. Ashe wasiƙa ce zuwa ga waɗanda aka kwasa bauta zuwa Babila. An ce musu su gina gidaje su zauna, su shuka lambuna su ci, su yi wa garin da ya kama su addu'a, kuma sai shekara 70 ta cika kafin a komar da su. Yawancin waɗanda suka ji wasiƙar can aka binne su. Ta ce to ke me kika shuka? A makon na cika buhunan siminti biyar da ƙasa a bayan ɗakin hayarmu, na zuba irin alayyafo da kuɓewa. Ba wani abin a zo a gani ba ne, amma shi ne karo na farko da na tashi da asuba don wani abu yana jirana.

Mai wuyar tana gaba. Ku 'yan EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, kun san wankin ƙafa da muke yi kamar yadda Yesu ya yi a Yohanna 13. Shekarar da na koma Mubi na ce bari in daure in shiga. Mata muna gefenmu, daro yana zagayawa, sai na ɗaga kai na ga wadda ke kusa da ni facalata ce. Na so in tashi. Maganar Yesu ce ta danne ni a kan benci, inda ya ce in muna ƙaunarsa za mu kiyaye umarninsa. Na ɗaura tawul, na durƙusa, na kama ƙafarta. Diddigenta duk faso, har da jini a ɗaya, ruwan ya yi ja-ja. Ban san tana shan wahala haka ba, ashe mijin ya kwanta ciwo, ita ke noma ita ke jinya. Hannuna yana rawa. Ban ji wata ƙauna a lokacin ba, ba zan yi miki ƙarya ba, biyayya ce tsagwaronta. Ita ta fara kuka, ni ma na bi ta. Ƙaunar daga baya ta zo, a hankali, lokacin da na fara kai musu kunu da yamma.

Shi kam har yau bai ce in yi haƙuri ba, filin kuma ya tafi. Wata rana ina gafarta masa da safe, kafin dare sai in sake.

Yanzu gwauraye 14 ke taruwa a tsakar gidana kowace Alhamis. Muna adashe, ina koya wa waɗanda ba su yi makaranta ba karatun Littafi Mai Tsarki da Hausa, in aka zo raba gado kuma muna raka mace wurin fasto da dangin miji don kada ta durƙusa ita kaɗai kamar ni. Ban taɓa zama na tsara wannan ba. Daga buhun alayyafo da daron nan aka zo nan.

Ke ma duba kusa da ke. Wace ce ba ta zo sujada ba mako uku, ba wanda ya je dubiya? Je ki. Kina da ilimi, akwai yaran unguwarku da ba sa iya karanta sunansu, ki tara su ko da guda uku ne. Akwai wanda kika daina gaisarwa? Kin san shi, tun kina karanta wannan ya faɗo miki a rai. Kuma kada surutun dangi ya tura ki gidan mutumin da ba ya tsoron Allah, na ga abin da hakan ke yi wa mata, aure ba shi ne ya halicce ki ba. Ki riƙa cin abinci. In barci ya ƙi zuwa makonni, ko kika fara jin gara ki mutu, ki faɗa wa Mama fasto, ki ga likita, ba rashin bangaskiya ba ne. Ni ban faɗa wa kowa ba, na sha wahalar banza. Kada ki bar waƙa kuma, ko da kina yi kina kuka.

Turo mini saƙo ki faɗa mini garin da kike. In kina kusa da Mubi ki zo ranar Alhamis da la'asar, muna neman wadda za ta riƙe mana littafin adashe, idona ya fara gajiya da ƙananan rubutu.