Filin Tambaya da Amsa: Baƙar Laka Mai Darewa da Yadda Take Riƙe Ruwa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mutumin ƙasar Daura ne, a jigawa na tashi ina noman gero da gyaɗa, sai aiki ya kawo ni Adamawa, inda na sami gona a kusa da Numan. Ƙasar baƙa ce wuluk. Da rani tana darewa har ƙafar yaro tana iya zurmawa a ciki, da damina kuwa ruwa ya kwanta, fartanya ta yi ta ɗaukar taɓo har hannu ya gaji. Masarar da na shuka bara ta ɗashe ta tsumbure. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, maƙwabtana suna dasa dawa bayan ruwa ya ɗauke, kuma su girbe ba tare da ban ruwa ba. Shin gonata ce matacciya, ko kuwa ni ne ban fahimce ta ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Gonarka tana da rai, tana ma cikin ƙasashe masu ƙarfi da ake da su a wannan yanki, sai dai ɗabi'arta ta saɓa wa ta jigawar da ka saba da ita ta kowace fuska, kuma duk wanda ya zo mata da dabarun jigawa zai sha wahalar da ka sha. Irinta ce ta shimfiɗu a kudancin Tafkin Chadi, wajajen Dikwa da Marte da Ngala, inda Barebari suke kiranta firgi, ta bi kwarin Binuwai, ta kuma mamaye filayen Marwa da Yaguwa a arewacin Kamaru. Ita ce ƙasar Jazira a Sudan, tana nan a tuddan Habasha da tsakiyar Indiya, kuma a duniya baki ɗaya an ƙiyasta ta kai hekta miliyan 335. Ta wajen Chadi asalinta taɓo ne da ya kwanta a ƙarƙashin ruwa a zamanin da tafkin ya ninka girmansa na yau sau da yawa, shekaru dubbai da suka wuce.

Duk halinta daga irin yumɓun da ke cikinta yake. Masana ƙasa ba sa sanya ƙasa a wannan rukuni sai yumɓunta ya kai kashi 30 cikin 100, a firgi kuwa yakan wuce rabi. Yumɓun kuma irin wanda ake kira simektait ne, wanda ƙwayoyinsa falle-falle ne ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani, kuma ruwa yana kutsawa tsakanin falle da falle ya buɗa su, sai ƙasar ta kumbura kamar yadda garin rogo yake yi idan an jiƙa shi. Idan ruwan ya fita sai ta tsuke, ta dare. Yumɓun jangargari ba ya haka, shi ya sa jangargari ba ya darewa irin wannan komai tsananin rani.

Waɗannan tsagogi da suke ba ka tsoro su ne ƙofofin da ƙasar take shan ruwa da su. A ƙarshen rani faɗin wasunsu yakan kai tafin hannu, zurfinsu ya kai mita ɗaya ko ya ɗara, kuma idan ruwan farko ya sauka, ta nan yake kwarara ya jiƙa ƙasar tun daga ƙasa, saɓanin jigawa da take jiƙa daga sama a hankali. Da zarar ta ƙoshi ta kumbura, tsagogin sun rufe ke nan, daga nan abin da zai ratsa ta a awa guda ba ya wuce 'yan milimitoci, wani lokaci ko ɗaya ba ya kaiwa. Ruwan watan Agusta idan ya zo sai ya tarar da ƙofa a rufe, ya kwanta a sama. A nan masararka ta gamu da matsala. Saiwar shuka tana numfashi, kuma idan ruwa ya cika duk 'yan kafofin da iska take zama, masara ba ta jure fiye da 'yan kwanaki, musamman tana ƙarama. Ban da haka, sinadarin naitirojin da ke cikin takin da ka zuba yana rikiɗewa ya bi iska a ƙasar da ruwa ya shaƙe, don haka ɗashewar da ka gani yunwa ce da shaƙewa a haɗe.

Wannan rufewar da ta cuci masara ita ce kuma take ciyar da dawar maƙwabtanka. Ruwan da ya shiga jigawa yakan zarce ƙasa can inda saiwa ba ta kaiwa, amma wanda ya shiga baƙar laka yana nan a tsare. A zurfin mita ɗaya takan ajiye ruwan da shuka za ta iya sha kimanin milimita 150 zuwa 200, alhali rairayi ba ya kai 100, sau da yawa ma rabin haka yake tsayawa. Sai dai akwai abin lura a nan wanda manoma da yawa ba sa yin la'akari da shi: ba duk danshin da hannu yake ji a laka ne shuka take samu ba, domin yumɓun yana ƙanƙame wani kaso mai yawa da ƙarfin da saiwa ba za ta iya ƙwata ba. Kana iya haƙa ka ji sanyi da laima, amma ganye yana yaushi. Saboda haka yayyafin da zai tsirar da gero a Daura ba ya tsinana komai a gonarka. Ita ruwa mai yawa take so a lokaci guda, sannan ta yi ta bayar da shi kaɗan-kaɗan har watanni.

Noman masakwa, wato dawar da maƙwabtanka suke dasawa bayan ruwa ya ɗauke, an gina shi kacokan a kan wannan ɗabi'a, kuma a ganina yana daga cikin dabarun noma mafiya hikima da manoman Afirka suka gano da kansu tun kafin zuwan malaman gona. Tun kafin damina ta kankama, ana kewaye gona da ƙananan kunyoyi don ruwan sama ya tsaya ya nutse maimakon ya gudu. Wajen watan Agusta ake yafa iri a wani wuri mai tudu inda ruwa ba ya kwanciya. Idan ruwa ya janye daga gonar a watan Satumba ko Oktoba, sai a sare ciyawar da ta tsiro, domin kowace ciyawa da aka bari tana shan ruwan da aka ajiye wa dawa. Mai huda rami yana tafe da ƙaton turke mai tsini, yana cakawa da ƙarfin ƙirjinsa har ramin ya kai inda danshi yake. Na bayansa yana tsiyaya ɗan ruwa a ramin, ya sa dashe biyu waɗanda aka datse musu kan ganye don su rage zubar da ruwa. Ana barin tazarar kusan mita ɗaya tsakanin rami da rami, abin da mutumin jigawa zai ɗauka ɓarnar fili ce, alhali lissafi ne: ruwan da ke ƙasa ƙayyadadde ne, kuma yawan tushe yana nufin kowa ya sha ya ƙare kafin a fitar da kai. Daga nan babu sauran ban ruwa. Saman ƙasar yana bushewa ya farfashe ya zama tsaki-tsaki, wannan busasshen sama ya kare danshin da ke ƙasa daga rana da iskar hunturu, saiwa kuma tana bin danshin tana nutsawa, har a yi girbi a watan Janairu ko Fabrairu, lokacin da ko'ina ya bushe. Haka Fulanin Kamaru suke noma muskuwari, haka mutanen Chadi suke noma berbere.

Shawarata ita ce ka raba gonar gida biyu. Inda ruwa ya fi kwanciya ka bar shi ga shinkafa ko masakwa, ka kuma bi maƙwabtanka ka koyi lokacin dashe a wurinsu, domin kwana goma na jinkiri yana iya raba mutum da amfani. Inda ya ɗan yi tudu, idan kana son masara ko auduga ko dawar damina, ka tayar da gadaje masu faɗin mita ɗaya da ɗoriya, ka bar kwari tsakaninsu mai gangare kaɗan wanda zai fitar da rarar ruwa ba tare da zaizaya ba. Cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke kusa da Haidarabad a Indiya ta gwada wannan tsari a kan irin wannan ƙasa tun shekarun 1970, daga baya aka kai shi Habasha. Gyaɗa da rogo da dankali kuwa ka haƙura da su a nan, domin ko sun yi, tonon su a ƙasar da ta ƙame zai bar maka rabi a ciki.

Ka kula da lokacin huɗa. Idan ka ɗebi ƙasa ka matse ta a hannu ta marmashe, lokaci ya yi. Idan ta manne ta yi santsi, shiga da garma ko tarakta a ranar zai danne ta ya bar maka hoge masu taurin dutse har shekara ta zagayo. Kada kuma baƙinta ya sa ka ɗauka ba ta son taki, domin ruɓaɓɓen ganye da ke cikinta kaɗan ne, sau da yawa bai wuce kashi 1 cikin 100 ba. Tana da wadatar alli, amma tana ƙarancin naitirojin da fosfaras. Takin gargajiya yana sassauta ta, yuriya kuma a binne ta, kada a watsa a sama.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni mai lambu ce a bayan garin Marwa, ina da rijiya da injin ban ruwa, ƙasata kuma irin wannan baƙar laka ce. Kullum nake ba albasa ruwa safe da yamma, duk da haka tana ruɓewa, sannan wani farin abu ya fara fitowa a bakin fangali. Me zan gyara?

Amsa: Barka kadai, Hajiya. Ruwan ya yi yawa. Ban ruwan safe da yamma na jigawa ne, a laka kuwa ana ba da ruwa a ƙoshi, sannan a jira har sama ya bushe ƙananan tsagogi su fara bayyana kafin a sake, kuma albasa ta fi zama lafiya a kan kunya inda ruwa zai bi kwari ya jiƙa ta daga gefe ba tare da ya taɓa wuyanta ba. Farin abin da kike gani ya fi ruɓewar tayar mini da hankali. Gishiri ne ko kanwa da ruwan rijiya yake kawowa, rana ta ɗauke ruwan ta bar shi, kuma tun da ruwa ba ya ratsa wannan ƙasa da sauƙi, babu abin da zai wanke shi zuwa ƙasa. Ki gwada da kanki: ki ɗauki busasshen hoge ƙarami ki sa a kofin ruwan sama ba tare da kin motsa ba. Idan ya farfashe ruwan ya kasance garau, da sauran sauƙi. Idan ruwan ya gurɓace ya yi fari-fari kewaye da hogen, kanwa ta kama ƙasar, kuma idan aka bari za ta koma fako wanda ruwa ba ya shiga, iri ba ya tsira. Maganinta magudanar ruwa mai zurfi a gefen lambu, da takin gargajiya mai yawa, da garin wani farin dutse mai laushi da ake kira jifsam, kuma yana da kyau a kai ruwan rijiyar a auna kafin a kashe kuɗi. Ban ruwa yana yiwuwa a wannan ƙasa, shaida kuwa ita ce Jazira, inda ake noman auduga da alkama da dawa tun da aka kammala madatsar Sinnar a 1925, kuma Hausawa da Fulanin da suka zauna a wajajen Maiwurno sun daɗe suna aiki a cikinta. Can ma abin da ya taimaka shi ne ruwan kogin Nilu ba shi da gishiri mai yawa, kuma ba kullum ake sakin sa a gona ba.

Tambaya: Malam, na gina ɗaki biyu a kan baƙar ƙasa a wajen Gombe, shekara biyu ke nan, bango ya tsage daga kusurwar taga. Da damina tsagar tana haɗewa, da rani ta buɗe. Magini ya ce siminti ne bai isa ba.

Amsa: Tsagar da take buɗewa da rufewa tare da yanayi ba ta siminti ba ce, Alhaji, ƙasar ce take ɗaga ginin ta sauke shi. Gefen gida yana jiƙa ya bushe da sauri, tsakiya kuwa danshinsa ba ya sauyawa sosai, sai wani sashe na harsashi ya motsa wani ya tsaya, bango ya karye a inda ya fi rauni. Abin da yake kwarkwaɓe titunan kwalta a wannan yanki ke nan. Liƙe tsagar da siminti ba zai hana ta dawowa ba. Abin da za ka iya yi yanzu shi ne ka daidaita danshin da ke kewaye da ginin: ka yi daɓe mai faɗin mita ɗaya da rabi ya zagaye shi da gangare zuwa waje, ka sa indararo ya kai ruwan rufi nesa, ka gyara duk bututun da yake yoyo, kuma kada ka bar bishiya mai shan ruwa irin su turare ko darbejiya kusa da bango. Idan za ka ƙara gini, a kira injiniya ya duba zurfin lakar tukuna, domin shi zai faɗa ko a haƙa harsashi ya wuce inda ƙasar take motsi, ko a kwashe ta a cike da marmara, ko kuma a zuba faffaɗan harsashi na kankare da rodi wanda zai motsa gaba ɗaya ba tare da ya karye ba.