Amsa ga mai tambaya kan matakan ginuwar huhun tayi

Ƙanena, ka ce matakan ginuwar huhu sun ƙi zama maka a kai, kana neman dabarar riƙe su kafin jarrabawa. Ni dai shawarata, ka daina haddace su a jere kamar karatun allo. A kowane mataki ka tambayi kanka: da za a haifi yaron nan yau, zai iya numfashi? In ba zai iya ba, me ya rage? Aiki a ɗakin jarirai ne ya koya mini kallon abin ta wannan fuska.

A mako na 4 huhu ɗan tsiro ne da ya ɓullo daga sashen gaba na hanjin tayi, sannan shamaki ya raba bututun iska da na abinci. In rabuwar ba ta kammala ba, za ka ga jariri da kumfa a baki, yana sarƙewa tun shan farko. Galibi bututun abinci na sama ne ya toshe, na ƙasa kuma ya haɗe da bututun iska.

Daga mako na 5 zuwa na 16 matakin sudogilandula ne: rassa suna ta yaɗuwa, amma babu wurin musayar iska, don haka babu rayuwa a waje. Daga 16 zuwa 26, kanalikula, bututun suna buɗewa, ƙananan jijiyoyin jini suna matsowa jikinsu. A ƙarshensa ne bakwaini ke fara samun damar tsira. Sai sakula har dab da haihuwa, sai matakin jakunkunan iska, wato ƙananan jakunkunan huhu da ake musayar iska a cikinsu, wanda ke ci gaba har yaro ya kai wajen shekara 8. Littattafai sukan saɓa da mako ɗaya ko biyu. Kada ka ɓata dare a kai, bi wanda malaminku ke bi.

Inda nake so ka tsaya sosai shi ne safaktan, wato sinadarin da ke hana jakunkunan iska mannewa. Cikin jakar iska a jiƙe yake, ruwa kuwa yana jan kansa, yana neman rufe jakar, kamar jiƙaƙƙiyar leda da ta manne ta ƙi buɗuwa. Dokar Laplace, wata ƙa'ida a kimiyyar fizik, ta ce gwargwadon ƙanƙantar jaka, gwargwadon ƙarfin da ake buƙata don hana ta rufewa. Gaskiya lissafin ya sauƙaƙa abin da yawa, tunda jakunkunan suna tarayya a bango, suna tallafar juna, amma ya isa ka gane matsalar. Ƙwayoyin bangon jaka nau'i na biyu su ke yin safaktan, su rage wannan jan. Suna farawa tsakanin mako na 20 da na 24, amma ba ya wadata sai wajen mako na 34 zuwa 35.

Tun 1929 Kurt von Neergaard ya nuna cewa huhun da aka cika da ruwa ya fi wanda aka cika da iska sauƙin buɗuwa. Sai 1959 Mary Ellen Avery da Jere Mead suka gano cewa safaktan ne babu a huhun bakwainin da suka rasu da wahalar numfashi. A 1972 Liggins da Howie a Niyu Zilan suka nuna cewa allurar siteroyid ga uwa kafin haihuwa tana gaggauta nunar huhu. Shi ya sa ake hanzarin yi wa mai naƙuda kafin lokaci allurar siteroyid irin su betamethasone ko dexamethasone.

In ka shiga ɗakin jarirai, ka saurari nishin da bakwaini ke yi duk fitar numfashi. Ba kuka ba ne. Maƙogwaro yake tsukewa don ya riƙe sauran iska, kada jakunkunan su rufe gaba ɗaya. Na'urar CPAP, mai tura masa iska ta hanci ba yankewa, wannan aikin take ɗauke masa.

Kuma girman jariri kada ya ruɗe ka. Jaririn da mahaifiyarsa ke da ciwon suga yakan fito jibgege amma ya kasa numfashi, domin yawan insulin a jikinsa yana jinkirta safaktan. Masu jarrabawa suna son wannan tambayar ƙwarai.