An Sauya Kwamfuresa, Sanyi Ya Ƙi Zama

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Hilux ƙirar 2012. Kwamfuresar AC ta cije, na sayo ta Baljiyam a Ƙofar Ruwa aka ɗaura, aka zuba gas. Ta yi kwana uku lafiya. Yanzu sanyin minti goma yake yi sai iska mai ɗumi, in na kashe na jima na kunna sai ya dawo. Bakanike ya ce a ƙara gas. In ƙara?
Daga mai karatu a Na'ibawa

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka ƙara, kuma ka daina kunna AC ɗin har a duba, don kada wannan kwamfuresar ta bi 'yar'uwarta.

Sanyin da ke ɗaukewa ya dawo bayan an huta ba alamar ƙarancin gas ba ce. Galibi danshi ne ya shiga layin lokacin da aka buɗe shi. Yana isa ɗan bawul ɗin da ke fesa gas cikin ibaporeta, wato sashen da ke sanyaya iskar cikin mota, sai ya daskare ya toshe hanya. In ka kashe, sai ƙanƙarar ta narke, sanyi ya dawo. Tambayi bakaniken ko ya zuƙe iska da danshi daga layin da injin bakum kafin ya zuba gas. Da yawa ba sa yi, sai su ɗan saki gas ya yi "fiss" su ce iska ta fita. Ba ta fita ba.

Abu na biyu ya fi damunmu. Kwamfuresar da ta cije tana watsa garin ƙarfe cikin layi. A kwance tiyon da ke fita daga ita a goga farin ƙyalle a ciki. In mai ya fito baƙi ko toka-toka yana ƙyalli, to dattin ya kai kondensa, wato sashen da ke gaban lagireto mai fitar da zafin gas. Ramukan kondensar irin motarka ƙanana ne ƙwarai, ba sa wankuwa, sauyawa ake yi. A sa sabon diraya (mai tsotse danshi a layin) da sabon bawul, a wanke tiyo da ibaporeta da ruwan wankin AC, ba fetur ba.

Kafin a kwance komai, a ɗora gejin auna matsin gas, inji yana juyi 1,500 a minti. A AC mai lafiya yakan nuna 21 zuwa 36 psi (ma'aunin matsi) a ɓangaren ƙaramin matsi, 200 zuwa 230 a na babba. A zafin Afrilu na Kano babban zai ɗan haura. In allurar ƙaramin ta faɗi zuwa sifili daidai lokacin da sanyi ya ɗauke, toshewa ce. In duka biyun sun hau, gas ya yi yawa, ko iska ta shiga, ko ƙurar hunturu ta cike fuskar kondensa, ko fanka ta yi rauni. In sun kusa daidaita alhali kulocin kwamfuresa ya kama, kwamfuresar da ka sayo ce ta gaji.

Wajen haɗawa, a zubar da tsohon man da ta zo da shi, a auna man kwamfuresa ND-8 gwargwadon littafin motar, a juya ta da hannu sau goma. A sauya robobin mahaɗa duka. A ja bakum minti 30 zuwa 45, a rufe a jira minti 15. In allura ta motsa akwai yoyo. Sannan a zuba gas ɗin R134a a kan sikeli, daidai giram ɗin da aka rubuta a takardar ƙarƙashin bonet. A kula da tukunyar gas mai arha fiye da kima, don akwai gauraye a kasuwa, kuma yana cin roba da kwamfuresa.