Sanyin Kanada ko gumin Malesiya: amsa ga ƙanena na Gombe

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce gurbin karatu biyu ya fito maka, ɗaya a nan birnin Winnipeg na Kanada inda nake, ɗaya a Malesiya inda na yi digirina na biyu, kuma Inna ta dage kan Malesiya tunda mu da zafi muka saba.

Ka gaya mata zafin can ba irin namu ba ne. Na Gombe a watan Afrilu yana kai digiri 40, amma busasshe ne: ka samu inuwar darbejiya da ruwan randa, gumi ya tsane. A Malesiya da wuya ya wuce 34, sai dai iskar a jiƙe take. Ka fito daga wanka, kafin ka kai masallaci riga ta manne maka a baya. Takalmin fata da na ajiye wata ɗaya, da na ɗauko shi duk ya yi fumfuna. Ba hunturu, ba bazara, wata goma sha biyu abu guda. Amma kana jin kiran salla, abincin halal ko'ina, kuma dare ma mutane a waje suke.

Nan kuwa, sanyin jaurar da ke sa mu kewaye wuta a Tudun Wada wasa ne. A Janairu sanyin nan yakan sauka zuwa digiri 30 ƙasa da sifiri. Ka ja numfashi ka ji gashin hancinka ya sandare. Mota ma sai an jona ta da lantarki ta kwana, in ba haka ba da safe ta ƙi tashi. Dusar ƙanƙara tana kwanciya tun Nuwamba, ba ta gama narkewa sai wajen Afrilu. Duk da haka wannan ba shi ne abin tsoro ba, domin yana da magani: riga kan riga, hula, safar hannu, takalmi mai kauri, kuma gida da aji da bas duk da ɗumi.

Abin da ya kusa karya ni duhu ne da kaɗaici. A Disamba rana tana fitowa bayan ƙarfe 8, ta faɗi wajen 4:30. Azahar, la'asar da magariba duk cikin awa huɗu suke wucewa. Ka fita da duhu, ka dawo da duhu. Babu majalisa a ƙofar gida, babu teburin mai shayi, babu wanda zai leƙo ya ce "ina gajiya". Shekarata ta farko na taɓa yin kwana uku ban yi magana da kowa ba, ina zaune ina tuna hayaniyar kasuwar Tudun Hatsi kamar in yi kuka. Jikina ya mutu, barci ya ƙi isata. Likita ce ta sa na fara shan bitamin D, saboda baƙar fata ba ta samun isasshensa a irin wannan ranar. Sauran maganin kuma a babban masallacin titin Waverley na same shi, da na lizimci Juma'a har na yi abokai.

Ni dai shawarata, in kuɗin makaranta da na haya sun tabbata, kada sanyi ya hana ka zuwa. In kuwa aljihu da ƙyar ne, Malesiya ta fi sauƙin rayuwa nesa ba kusa ba, kuma zuciyarka za ta fi natsuwa.

In nan ka zaɓa, don Allah ka nemi shigowa a zangon Satumba, kada ka sauka a Janairu. Kada ka kashe kuɗi kan rigar sanyin gwanjo, sai ka zo mu saya tare. Ka taho da man kaɗanya mai yawa, fata na tsagewa nan fiye da lokacin hunturun gida, da kuka da yaji, kuma ka bayyana su a filin jirgi. Kilishi kam ka bar shi gida, ba a barin nama ya shigo.

Ka gaida Inna, ka ce zan kira ta ranar Lahadi.