Shin Boeing 707 tankar soja ce aka mayar jirgin fasinja?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sha jin ana cewa Boeing 707 asalinsa jirgin dakon mai ne na sojojin Amurka, aka sa masa kujeru kawai. Gaskiya ne? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma an ɗan murɗe ta. Jirgin 707 da tankar sojan Amurka KC-135, mai ba jirage mai a sama, wa da ƙane ne, uba ɗaya ya haife su.

Uban shi ne jirgin gwaji mai lamba 367-80, wanda ya fara tashi ranar 15 ga Yuli, 1954. Kamfanin Boeing ya zuba dala miliyan 16 daga aljihunsa ya ƙera shi, alhali babu mai saye ko ɗaya a hannu. Kasada ce babba, domin a shekarar ne jiragen fasinja masu jet guda biyu na Ingila, samfurin Comet, suka tarwatse a sama, saboda ƙarfen jikinsu ya gaji da kumbura da saki na matsin iska. Jirgin fasinja mai injin jet bai da farin jini a lokacin.

Sojoji kuwa a matse suke. Jirgin yaƙinsu B-52 mai jet ne, tankar da ke ba shi mai a sama, wato KC-97, mai farfela ce. Dole B-52 ya sauko ƙasa-ƙasa, ya rage gudu, ya sha mai, sannan ya ƙona wani kaso na man wajen sake hawa. Shi ya sa suka riga kowa sa oda, KC-135 ya tashi a watan Agusta 1956, fiye da shekara guda kafin 707.

Inda 707 da KC-135 suka raba hanya shi ne faɗin gangar jirgi, kuma nan ne labarin ya fi burge ni. Jirgin gwajin inci 132 ne, aka faɗaɗa tankar zuwa 144, Boeing na fatan amfani da kayan ƙira iri ɗaya ga duka biyun. Sai kamfanin Douglas ya fito da DC-8 mai ɗaukar kujeru shida a jere a wadace. A 1955 kamfanin jigilar fasinja na Amurka, Pan Am, ya sa odar DC-8 guda 25, na 707 kuwa 20 kacal. Boeing ya gane karatun, ya mayar da 707 inci 148. Inci huɗun nan sun tilasta masa sake ƙirar gangar jirgin, da kuɗi masu yawa.

Ranar 26 ga Oktoba, 1958, Pan Am ya fara jigila da 707 daga New York zuwa Faris. Tuni kamfanonin jiragen sama suka yi masa ritaya daga ɗaukar fasinja, amma wansa KC-135 har yau yana ba jiragen yaƙin Amurka mai.